Jarrabawar da Kurciya Ta Ci

Yayana mai guga ne. Shekara ashirin da shida ke nan yana tsaye gaban teburi ɗaya, a shago ɗaya, tsakanin mai gyaran agogo da wani kanti da ya canja hannu sau biyar. Shagon bai fi taku huɗu ba. Teburin na jingine da bango, an shimfiɗa masa bargo biyu da farin zane a sama. Dutsen lantarki na hannun dama, na gawayi na ƙarƙashi don ranar da aka ɗauke wuta, ga igiya daga kusurwa zuwa kusurwa cike da rigunan mutane. Idan ka shiga, tururi da ƙamshin sitaci ne za su fara yi maka sannu da zuwa, don shi ba mai yawan magana ba ne.

Yana da wani hali da duk masu kawo masa kaya suka sani. Riga ba ta barin hannunsa da abin kunya a fili. Maɓalli ya cire, zai zaɓo wani daga gwangwanin da yake tarawa ya ɗinka, ba zai ma faɗa maka ba. Wuyan riga ya fara fitar da zare, zai bi shi da almakashi. Idan tabo ya ƙi fita, ya san ninkin da zai yi tabon ya koma ciki. Na sha ce masa, “Yaya, mai rigar fa zai warware ya gani.” Sai ya ce, “Ya gani a ɗakinsa, Auta, ba a gaban mutane ba.” Da wannan dutsen ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, ya sa ni a makaranta har na iya buga takardu na samu aiki a shagon fotokwafi. Ban taɓa shiga aji da yamutsattsiyar riga ba, ko a ranar da ba mu karya ba. Shi rufin asiri yake kiran abin. Ni kuwa da zuciyata take kusa, taurin kai nake kiransa, amma a bayan idonsa.

Sai da suka shekara goma sha ɗaya da aure, shi da matarsa, sannan Allah ya ba su ’ya mace. Muna kiranta Kurciya, saboda wani ɗan kuka da take yi a maƙogwaro idan ranta ya yi fari. Ba ta yi magana ba sai da ta shekara huɗu, da ta tashi farawa kuma sai ta fara da maganar mutane. Duk abin da ya shiga kunnenta ya zauna daram. Za ta kawo maka tallan rediyo daga farko har ƙarshe da muryar mai tallan, amma ka tambaye ta ko tana jin yunwa, sai ta dubi gefenka ta ce, “Kina jin yunwa?” Likita ya rubuta wani dogon suna a takarda ya ba su. Yaya ya ninke takardar gida huɗu ya cusa a ƙarƙashin bargon teburi.

Uwarta na aiki a kamfanin sabulu daga safe zuwa yamma, don haka in an tashi makaranta shago ake kawo Kurciya. Tana da kusurwarta bayan kwandon kaya, nan take zama tana jera hangogin rataye kaya launi-launi. Masu karɓar guga kan tambaya, “Mai Guga, yaya Kurciya da makaranta?” Amsarsa ɗaya ce kullum: “Lafiya lau, tana ƙoƙari.”

Tana aji biyu Shugabar makaranta ta aiko kiransa. Ya ce in raka shi, wai ni na iya maganar ofis. Muka tarar da Malamar ajin a zaune, wata siririyar mata da yara arba’in da takwas suka dusashe wa murya. Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce Kurciya ba ta bin karatu, ba ta iya neman abin da take so, kuma abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne yarinyar kan tashi haka kawai ta fice a guje. Sau biyu mai gadi na tare ta a bakin titi.

Shugaba ta ɗora da cewa, “Malam, ba korar ’yarka nake so in yi ba. Amma malama ɗaya ba za ta iya da yara arba’in da takwas da kuma ƙofa ba. Ofishin ilimi na bayar da mataimakiya da za ta zauna kusa da yaro irin wannan a aji, sai dai sai sun gwada yaron tukuna. In an samu mataimakiya kafin sabon zango, Kurciya ta zauna. In ba a samu ba, gaskiya ba zan iya ɗaukar alhakin ranta ba.”

Ta miƙo mana fom. Ni na cike shi a kan teburin guga. Akwai wani gurbi mai layi shida, an rubuta a samansa a faɗi abubuwan da ke yi wa yaro wuya. Na ɗaga biro ina jiransa. Ya juya hannun wata riga, ya yayyafa ruwa, ya ce, “Rubuta tana ƙoƙari.”

“Layi shida ne fa, Yaya.”

“To ki yi manyan baƙaƙe.”

Na yi tsaki na rubuta. Dole in faɗi yadda muka ɗauki maganar, don nan ne muka ɓata, mu biyu. A tunaninmu gwaji duk iri ɗaya ne: ka ci a wuce da kai, ka faɗi a bar ka. Muka ɗauka ofis ba zai ɓata ma’aikaciya guda a kan yarinyar da ya ga babu abin tsinta a wurinta ba. Sai ta nuna tana da kai, sannan za a ga ta cancanci taimako. Shi dai aji huɗu ya tsaya, yana da uzuri. Ni da nake buga wa mutane takardu kullum ba ni da ko ɗaya.

Aka sa mana rana bayan wata biyu. Ana nan, ran nan wata akawu daga ofishin ilimin ta shigo shagonmu da ɗaurin takardu, ta ce injinsu ya lalace, a yi mata kwafi talatin-talatin. Ina jerawa sai idona ya kai kan rubutun. Hotuna ne da tambayoyi na gwajin yara masu shekarun Kurciya. Na danna talatin da ɗaya, na zare na ƙarshen na sa a jaka. An ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. To ni ce bafaden, kuma da gudu na kai wa Yaya, ina jin kamar na tsinto masa zinariya.

Kwana arba’in suka yi suna bita. Kullum in rana ta yi sanyi sai ya ture kayan mutane gefe, ya baje takardun a kan farin zanen, ya ɗora Kurciya a kujera. Wanne ne kare? Wanne ya fi girma? Me ya ɓace a wannan hoton? Ni na rubuta masa amsoshin, shi ya haddace, ita kuma ta kwashe daga bakinsa kamar soso. Akwai tambayar da ta ce, me za ki yi idan kin ji ƙishirwa a aji? Cikin kwana uku Kurciya na amsawa tsaf, “Zan ɗaga hannu in ce, Malama, ina son ruwa.” Yarinyar da tun da aka haife ta ba ta taɓa cewa tana son ruwa ba, sai dai ta je ta tsaya gaban randa tana kuka.

Uwar ce kaɗai ta ɗan yi magana. Ta biyo ta shagon daga wurin aiki, ta tsaya tana kallonsu, ta ce, “Baban Kurciya, anya wannan daidai ne kuwa?”

Ya ce, “So kike su rubuta cewa ’yarmu ba ta da kai?”

Ni ma na sa baki na ce mata ta bar mu, mun san abin da muke yi.

Ranar gwajin ba a taɓa yi wa kayan makaranta guga irin ta ba, kowane ninki na siket ɗin a tsaye yake. Ɗakin gwajin shiru, teburi ɗaya, kujera biyu, taga a rufe. Mai gwajin dattijuwa ce mai farin gilashi, Malamar Ofis muke ce mata, kuma yara goma sha biyu ke jiranta a ranar. Muka zauna a benci a waje. Ba a yi rabin sa’a ba ta fito riƙe da hannun Kurciya tana murmushi. Ta ce, “Malam, ’yarka akwai kaifin kai. Wata tambayar ma ban kai ƙarshenta ba ta ba ni amsa.” Yaya ya fito baki har kunne. Ban taɓa ganinsa yana gaishe da mutanen da bai sani ba a hanya sai ranar.

Bayan sati biyu wasiƙa ta zo. Na karanta masa a shago: an gwada yarinya, ta yi abin da ake so ga shekarunta, bayanin iyaye bai nuna wata matsala ba, saboda haka ba ta cikin masu buƙatar mataimakiya. Da ya ji farkon ya ce, “Alhamdu lillahi.” Sai ya ga fuskata. Ya ce in sake karanta layin ƙarshe. Na sake. Ya tsaya riƙe da dutsen a sama har sai da na ce masa ya ajiye.

Malamar aji ce ta ƙarasa warware mana. Ta riƙe wasiƙar tana jujjuyawa, ta ce, “Kurciyar da na sani ce ta amsa duk wannan?” Sai ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta gane. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, “Haba Malam. Ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi. Su fa inda take faɗuwa suke nema, don su sa mata hannu a wurin.”

Ni nan take na hau ofis da zagi, na ce wane irin gwaji ne na rabin sa’a, wace irin mai gwaji ce za a ruɗa da hadda. Na yi ta yi har muka iso shago. Kwana uku Yaya yana guga kamar wanda aka sa dole, har ya ƙona hannun rigar wani, abin da ban taɓa ji ya yi ba. A rana ta huɗu da safe ya zo wurin aikina sanye da rigarsa ta fita, takardun nan a hannu, ya ce, “Nemi izini, ki raka ni.”

Muka jira Malamar Ofis har azahar. Da muka shiga ya ajiye takardun a gabanta, duk sun yi laushi don shafa, ga zoben kofin shayi a kan hoton kare. Ya ce, “Ranki ya daɗe, jarrabawar da ’yata ta ci, ni na ci ta. Na tsinci waɗannan na koya mata.”

Na ce, “Ba tsinta ya yi ba. Ni na sato su a wurin kwafi.”

Ta cire gilashinta ta daɗe tana kallonmu. Ta gaya mini maganganun da na cancanta, ban kuma mayar ko ɗaya ba, wanda ya san ni ya san ba ƙaramin abu ba ne. Sannan ta ce jerin zango mai zuwa an riga an rufe shi, an raba mataimaka, babu yadda za ta yi. Abin da za ta iya shi ne ta buɗe sabon fayil don zango na gaba da shi. Za ta je ta ga yarinyar a cikin aji, cikin hayaniya, kafin a yi hutu. Amma kafin nan tana son bayanin uba, na gaskiya. Ta jawo farar takarda ta buɗe biro.

“Malam, ba ni labarin ranar da ta fi kowace muni.”

Ya dube ni. Na san so yake in fita, kuma na san in na fita zai ce tana ƙoƙari. Na gyara zama.

Da farko da ƙyar maganar ke fitowa, idonsa na kan hannuwansa. Ya ce ba ta iya sa takalmi ƙafa daidai ba. Ya ce ba ta faɗin tana son bayi, sai dai a lura da yadda take tsayuwa, in ba a lura ba ta jiƙa kayanta, shi ya sa kullum akwai siket na biyu a ƙasan jakarta, a naɗe cikin leda don kada yara su gani. Ya ce ba ta taɓa kiransa Baba don tana nemansa ba, sai dai in ta ji wani ya faɗa ta maimaita. Malamar ba ta ɗago ba, tana ta rubutu.

Ta ce, “Gudun da take yi fa? Ka san dalili?”

“Ƙararrawa ce,” in ji shi. “Duk ƙarar ƙarfe. Ranar da maƙwabcina mai agogo ya gwada wani babban agogon bango, sai a tsallaken titi na kamo ta, mota ta tsaya da ƙyar. Wannan ce ranar da kike tambaya.”

“Ka taɓa gaya wa makaranta?”

“A’a.”

“Me ya sa?”

“Kada su ce mahaukaciya ce.”

Ya share fuska da tafin hannu. Ta tambaye shi abin da yake yi mata in abin ya taso. Ya ce ba a yi mata magana, magana ƙara mata take yi. Ba a kuma rungume ta ta gaba. Ta baya ake zuwa, a ɗora tafin hannu biyu a kafaɗunta a danna da ɗan nauyi, a riƙe har ƙarar ta wuce. In an san ƙarar na zuwa aka riga ta, ko motsi ba za ta yi ba. Shekara uku ke nan yana yin haka, duk sanda ya hango mai agogo ya ɗauko mabuɗin agogon nan. Ni da nake shiga shagon kusan kullum ban taɓa lura ba, kuma na ji kunyar hakan ƙwarai.

Takarda uku ta cika. Da muka fito ya zauna a kan matakala kamar wanda ya yi jinya. Ya ce, “Auta, yau na tuɓe ’yata a kasuwa.” Na zauna kusa da shi. Tausayinsa ya kama ni, haushin kaina kuma ya fi tausayin yawa.

Zango guda cur Kurciya ta yi a gida. Wannan shi ne abin da wayonmu ya jawo mata, kuma babu wanda zai mayar mata da shi. Kullum da safe sai ta ɗauko jakarta ta tsaya a bakin ƙofa, uwarta ta karɓe, ta sake ɗaukowa. Masu kawo guga suna tarar da ita a shago da hantsi suna tambaya. A satin farko Yaya cewa yake an ba su hutu. Daga baya na ji shi da kunnena yana ce wa wani, “Muna jiran a ba ta mai taimaka mata a aji. Ba ta iya zama ita kaɗai.” Mutumin ya ce Allah ya kawo, ya karɓi kayansa ya tafi, sama kuma ba ta faɗo ba.

Wasiƙa ta biyu ta zo ana saura kwana tara a koma. An ba ta mataimakiya, kwana uku a sati. Na ce kwana uku me zai yi, sauran biyun fa? Shugaba ta ce a sauran biyun za a zaunar da ita a gaba kusa da Malamar aji, tunda yanzu an san abin da ake tsaro.

Ranar farko Yaya ya rufe shago yini guda, abin da ko ranar da aka haife ta bai yi ba sai rabin yini. Muka kai ta har ƙofar aji. Mataimakiyar wata matashiya ce gajeriya mai jakar goyo, ba mu taɓa ganinta ba, ita ma ba ta san mu ba. Ta karɓi Kurciya suka shiga. Ya kamata mu tafi, amma Yaya ya ce bari a buga ƙararrawar fita shan iska tukuna. Muka tsaya a jikin bango inda ake hango cikin ajin ta taga, mai gadi na ta harararmu.

Ƙarfe goma saura kaɗan na ga mai gadi ya nufi inda ƙararrawa ke rataye. Yaya ma ya gani. Ya ɗaga ƙafa zai nufi ƙofa, na riƙe masa hannun riga. A cikin aji matashiyar nan ta dubi agogon hannunta, ta tashi ba gaggawa, ta zagaya bayan kujerar Kurciya, ta ɗora tafukanta biyu a kafaɗunta ta danna. Ba ta ce mata komai ba. Aka buga ƙararrawa, yara suka ɓarke da ihu suka yi waje. Kurciya ta runtse ido, ta ƙanƙame fensirinta, tana zaune a inda take.

Yaya ya juyo gare ni. “Wa ya gaya mata?”

“Kai ka gaya mata, Yaya.”

Ya sake duban tagar. Hannuwan matashiyar na nan a kafaɗun ’yarsa, nasa kuma na rataye a gefensa ba abin da suke yi. Hawaye ya zubo masa, bai share ba, ga iyaye da malamai na wucewa suna ganinsa. Muka tsaya a wurin har aka koma aji.